Loda Biyu, Suna Ɗaya

An karya wa Zulkarnain Gondal yatsu huɗu na hannun dama, an kuma fasa masa goshi, a ofishin wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke unguwar Johar Town a birnin Lahore na Pakistan, ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci. Wanda ya yi masa haka, Mudassir Cheema, yana hannun 'yan sanda. Mudassir ɗin ne kuma ya koya wa Zulkarnain aikin.

Rigimar a kan loda ce, wato 'yar manhajar da ke jawo guntayen JavaScript bi da bi cikin burauza, manhajar buɗe shafukan intanet. Mudassir na kula da laburaren biyan kuɗi, wato tarin guntayen da ke karɓar kuɗi a shafi, Zulkarnain na kula da na taswira, kowa da tasa lodar. Duka biyun suna ɗaya suke amsawa a cikin burauza, don haka wadda ta shigo daga baya sai ta danne ta farko. Wata da watanni kowannensu yana lallaɓawa ya mayar da layin da ke kiran lodarsa can ƙasan shafi, don ta shigo daga baya. In Mudassir ya yi nasara, taswira ta mutu. In Zulkarnain ne, maɓallin biya ya daina aiki.

Da wani kantin magani da kamfanin ke kula wa da shafi ya yi barazanar janye aikinsa, shugabar kamfanin, Madam Nighat, ta yanke hukunci: loda ɗaya kowa zai yi amfani da ita. Za a gwada su a babban allo, wadda ta tsaya ita ce ta kamfani. Mai ɗayar kuma zai koma ƙarƙashin wanda ya ci, a rushe rukuninsa.

Aka kawo shayi da samosa, aka taru. Mudassir ya sa layinsa a ƙarshe kamar yadda ya saba, ya jingina da kujera. Shafi ya buɗe. Taswira ta fito tas. Maɓallin biya bai ko motsa ba.

"Sake lodawa," in ji Mudassir.

Aka sake. Haka dai.

"Ustad, ko sau dubu ne," in ji Zulkarnain, bakinsa cike da samosa. "Na kulle sunan. Da zarar tawa ta shiga, babu mai sake taɓa shi."

"Wa ya nuna maka kullewa?"

"Kai mana! Ka manta? Tsufa ne, yallaɓai. Ka zo rukunina, zan ba ka kujera kusa da fanka."

Wasu suka yi dariya. Mudassir ya ɗauki butar shayin ta ƙarfe ya maka masa a goshi. Jini da shayi suka wanke teburin. Zulkarnain ya dafa laftof ɗinsa zai miƙe, Mudassir ya rufe murfin a kan yatsunsa, ya danna da gwiwar hannu, ya sake dannawa da dukkan nauyinsa. Har na bakin ƙofa sun ji ƙarar ƙashi.

"Kulle yanzu, ɗan iska! Kulle in gani!"

"Mudassir sahib, za ka kashe shi!" Madam Nighat ta yi ihu.

Sai da mutum uku suka ɓamɓare shi, ɗaya ya sha naushi a baki. Da suka danne shi a ƙasa bai ƙara kokawa ba. Ya ce a miƙo masa tabaransa.

Kamfanin ya sallami Mudassir a ranar. Lodar Zulkarnain ce yanzu a duk shafukan, amma maɓallin biya na kantin maganin yana nan a mace, don laburaren Mudassir bai san ta ba, kuma babu wanda ya san ciki da wajen laburaren sai Mudassir. Madam Nighat ta aika wa iyalan biyu a zauna sulhu. Mahaifin Zulkarnain ya ce sai ya ji daga likita tukuna.

Likitocin sun ɗaure yatsun da waya. Har yanzu ba su ce ko za su sake lanƙwasuwa ba.