Teburin Baba Mai Guga

Ranar da sabon manaja ya sallami Baba mai guga, wai hannunsa ya yi nauyi, shagon ɗinkinmu ya kaure da surutu. Dogo, mai yanka mana yadi, ya ce mu bar kekuna mu fita titi da kwalaye. Wata ta ce a rubuta takarda kowa ya sa hannu, amma da aka zo sa hannun sai biro ya yi ta yawo, kowa na cewa na kusa da shi ya fara.

Ni dai idona na kan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta koya min ɗinki. Shekara ashirin suna aiki tare da Baba, ta kuma san jikoki uku yake riƙo da wannan gugar. Amma ko tari ba ta yi ba. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ɗaure min kai, don a gida kallo ɗaya take yi maka ka gyara zama.

Manaja ya ce daga yanzu kowa ya goge abin da ya ɗinka. Washegari Gwaggo ta gama rigar farko, ta miƙe ta kai ta teburin Baba kamar kullum, ta ajiye kusa da dutsen guga mai sanyi, ta dawo. Na raɗa mata ko ta manta ne. Ta ce in kula da allurata.

Ta kai ta biyu, ta kai ta uku. Kafin rana ta raba na tsinci kaina ina bin sahunta, sauran ma haka. Da teburin ya cika, Dogo ya jawo wani ya haɗa, yana ƙunƙunin cewa wannan ai ba zanga-zanga ba ce.

A kwana na uku masu kaya suka fara zuwa suna komawa hannu wofi. Manaja ya tsaya a kan Gwaggo yana tambayar wanda ya shirya yajin aiki.

"Yaji kuma, ɗana? Yau kaɗai riga tara na ɗinka. Ni tela ce. Guga akwai mai yin ta."

A kwana na biyar manaja ya aika aka kira Baba. Haƙuri dai bai bayar ba. Sai ya kawo wata rigarsa daga ofis ya ɗora kan tulin, yana dariya, wai a haɗa da tasa. Kwana biyu tsohon ya yi yana guga, ni kuma ina ta zuba ido in ga ko ya haɗiye abin ke nan.

Da ya gama sai ya ninke rigar manaja, a yamutsenta, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Yallaɓai, hannuna ya yi nauyi. Kada in ƙona maka."

Nan take na tuna jikokin nan uku. Kekuna duk suka tsaya sai na Gwaggo. Manaja ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya karɓa, shi ma da hannu biyu.