Hanyar Shagon Ikechukwu

Shekara bakwai Bahauddeen yana zana taswira a kwamfuta, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Ko hanyar masallacin unguwa ka tambaye shi, sai ya zaro waya yana wani gyaran murya.

Ranar Asabar mahaifinsa, Malam Abdulmuminu, ya ce a kai shi Kasuwar Sabon Gari. Amininsa Ikechukwu mai sayar da rediyo zai rufe shago da ƙarfe ɗaya ya koma garinsu gaba ɗaya. Ga shi rabon da su haɗu shekara biyar ke nan, tun da idon Malam ya rufe.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne," in ji Bahauddeen. "Na sa alamar shagon a waya."

Daga unguwarsu Fagge zuwa shataletalen Bata da ke bakin kasuwar, waya ta yi abin kirki. Suna kutsawa cikin kasuwa sai ta rikice. Ta dage suna tsakiyar titi, alhali suna tsakanin buhunan garin kwaki. Sau uku suna wuce wata mai sayar da manja, a na ukun har ta yi musu sannu da dawowa. Ɗaya saura kwata, gumi ya jiƙa rigar gwanin taswira. Kunya ta kama shi, ga tsoro: in tsohon nan bai yi sallama da amininsa ba, laifinsa ne shi kaɗai.

"Tsaya," in ji Malam. "Yi mini shiru."

Ya karkata kai. "Ga injin niƙa nan a hagunmu. Da ma a bayan layin masu rediyo yake. Ka ji kiɗa biyu suna faɗa da juna? Can ake gwada lasifika. Mu ba injin baya."

Ya wuce gaba da sandarsa, mai digiri na biye da shi kamar akuyar da aka sayo yau.

Suka tarar da Ikechukwu a ƙofar shago da kwaɗo a hannu. Ya saki kwaɗon ya rungume Malam, dukansu biyu suna hawaye.

"Malam, wa ya kawo ka cikin wannan cunkoso?"

"Ɗana mana," in ji Malam, yana laluben kafaɗar Bahauddeen. "Ai aikinsa ke nan, taswira."

Bahauddeen ya tura wayar can ƙasan aljihu, ya kasa ɗaga ido.