Kwalaye Tara na Farfesa Odette

"Kwali nawa ka ce?"

"Tara," in ji Vern. "An ɗaure su da igiya. Daga layin Maple, jiya da safe."

Mai kula da wurin tara tsofaffin takardu ya cire safar hannu, ya nuna bayan fili da haɓa. Takardu ne jibge, an matse su an ɗaure da waya, kowane ƙunshi ya kai girman ƙaramar mota.

"Na jiya ba sa nan, maigida. Tirela ta kwashe tun da sassafe. Yanzu haka suna cikin ruwa, sun zama kunu. Me ke ciki ne, hotunan aurenka?"

Vern bai yi dariya ba. Ya tsaya hannu cikin aljihu yana kallon jibgin nan, sanyi na cin kunnensa, har mutumin ya gaji ya koma ɗakinsa. Sannan ya shiga motarsa ya kama hanyar gida.

Vern Kozlowski direban motar ture dusar ƙanƙara ne na hukumar gari, shekara talatin yana yi. Mutum ne da ba ya tambaya. In ya ga aiki sai ya yi, kuma da haka yake taƙama. Tun da maƙwabciyarsa Farfesa Odette Lindqvist ta karye a ƙugu, shi ke fitar mata da shara kowace Talata. Tsarinsu ɗaya ne shekara shida: duk abin da ta ajiye a bakin gareji kusa da shuɗin kwandon takardu, na kaiwa bakin titi ne, motar shara ta kwashe. Ba sallama, ba godiya. In Kirsimeti ya zo ta aiko masa da kwalbar zuma, shi ke nan.

To ranar Talatar nan ya tarar da kwalaye tara a wurin. Ya ɗaga murfin na sama, ya ga tsofaffin littattafan rubutu, ruwa ya taɓa su sun kumbura, suna ƙarnin kifi. Har tsaki ya yi, ya ce tsohuwar nan sai da ciwo ya kwantar da ita ta tuna da share gida. Ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, bayansa na ƙara, ya jera a bakin titi tsaf. Washegari wata mata daga ɗakin karatu na jami'a ta zo da mota, ta leƙa gareji ba ta ga komai ba, ta ƙwanƙwasa ƙofar Vern tana tambaya. Ashe nas ɗin da ke jinyar Odette ce ta fito da su don a zo a ɗauka.

Ya san mene ne a ciki, da ma ya tsaya ya yi tunani. Shekara talatin da ɗaya Odette tana zuwa bakin wani tafki a Amurka ta Tsakiya duk hutun bazara. Ta zauna a inda kwale-kwale ke tsayawa da sikelinta, ta rubuta sunan kowane masunci da nauyin abin da ya kamo. Da rubutun nan ta nuna wa mahukunta cewa in aka bar tafki ya huta wata biyu lokacin da kifi ke ƙwai, kuma masuntan da kansu suka yi gadi maimakon sojoji, kifi yakan dawo. Aka mai da shi doka a can, wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ta sha ba shi labarin a bakin ƙofarta.

"Wato aikinki ƙirga kifi?" ya taɓa ce mata. "Don wannan aka ba ki farfesa?"

"Kai fa? Kana ture ƙanƙarar da za ta narke da kanta a watan Afrilu."

Da ya isa gida, matarsa Jolene na tsaye a kicin, ta rufe kaskon dankali da cuku da tawul.

"Babu?"

"Babu."

"To ɗauki wannan ka kai musu, nas ɗin ba ta ci komai ba. Kuma ka buɗe bakinka ka faɗa mata."

"Matar da likita ya ce ba za ta kai ƙarshen mako ba?"

"Shi ya sa, kai mai taurin kai. In ba yau ba, wa za ka faɗa wa? Kabari?"

An sauko wa Odette da gado falo, kusa da taga. Injin iskar numfashi na huci a gefe, robarsa a hancinta. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Amma idon nan nata yana nan, da bakin.

"Ga sarkin ƙanƙara. Cire takalmi, kada ka ɓata min kafet."

Ya cire. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa. Duk hanya yana haɗa maganar, ya ma zaɓi kalmar da zai fara da ita.

"Farfesa, game da kwalayen nan..."

"Sun isa ɗakin karatu ko?" Ta yi ƙoƙarin ɗagowa. "Nas ta ce ta ga garejin wayam. Vern, ka san kwana nawa ina kwance ina tunaninsu? Lissafin yana ko'ina, an buga shi a mujallu, ministoci sun karanta. Amma sunayen mutanen, a littattafan nan kaɗai suke. Mutum ɗari huɗu da wani abu. Rabinsu sun mutu. Wasu ko hotonsu babu a duniya."

Injin ya yi huci sau biyu. Vern ya dubi hularsa.

"Sun isa," ya ce.

"Duka tara?"

"Duka tara. Ni na ɗauka da hannuna."

Ta mayar da kai kan matashi, ta rufe ido. Bai taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba.

"To jawo takarda a kan teburin can. Hannuna ya ƙi biro. Za ka rubuta min wasiƙa."

"Ni? Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka. Bari nas ta zo."

"Nas tana da aiki. Kai ne ba ka da shi. Rubuta."

Wasiƙar ta Anselmo ce, shugaban ƙungiyar masuntan, wanda ubansa ne ya fara ɗaukar ta a kwale-kwale. Yana jin Turanci, shi zai karanta wa sauran a bakin ruwa. Tana faɗa a hankali, tana tsayawa ta ja numfashi, Vern na danna biro kamar mai sassaƙa.

"Ka ce musu, dokar da ake yabona a kanta tasu ce, ni awo kawai na yi. Ka ce littattafan suna ɗakin karatu na jami'a, a ɗaki mai sanyi, inda ko gara ba ta shiga. Duk jikan da ya so ganin sunan kakansa da kifin da ya kamo ranar kaza, ya rubuto za a aika masa. Ka rubuta?"

"Ya ake rubuta jami'a?"

"Kai Vern, shekara nawa kana share ƙofarta?"

Ta faɗa masa harafi-harafi. Da aka gama ya riƙe mata takardar a kan littafi, ta ja wani karkataccen layi a ƙasa a matsayin sa hannu. Ta nuna masa ambulan da ta riga ta rubuta wa adireshi tun tana da ƙarfi, har da kan sarki.

"Kada ka bar ta a motarka ta yi wata. Na san ka."

Ya sa ta a aljihun riga. A bakin ƙofa ya juyo, bakinsa a buɗe. Ta riga ta yi barci.

Ya koma gida ya tarar da Jolene a kicin. Ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da wanke kwanuka, ta fi kullum buga su.

Ranar Juma'a ya sake shiga, ya tarar an ƙara mata magani, ba ta gane shi ba. Tana magana da wani yare, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane suna ta ɗan dakata kamar mai jiran a amsa. Ya zauna minti goma ya fito. Ranar Asabar ya share mata ƙofar gida har sau biyu, alhali dusar ba ta kai tsawon yatsa ba. Lahadi da hantsi, ana dawowa daga coci, nas ta fito baranda ba ta sa rigar sanyi ba, ta tsaya tana kallon gidansu. Jolene ta ajiye jakarta ta tsallaka titi.

Bayan rasuwar Odette, an yi taron ban kwana a jami'a. Mutane masu kwat suka yi ta tashi suna magana. Wani ya ce ƙasashe bakwai ne suka sauya doka saboda ita. Wani ya ce aikinta zai daɗe bayan duk sun shuɗe. Matar ɗakin karatun na zaune layi biyu gaban Vern, ta waiwayo ta dube shi sau ɗaya. Ko kofi bai tsaya sha ba.

Wasiƙar ta kwana tara a aljihunsa, har gefenta ya lanƙwashe. Rana ta goma da safe ya zauna a teburin kicin ya buɗe ta.

"Ƙona ta za ka yi?" in ji Jolene.

"Maganarta ce. Ban isa ba."

"To aikawa za ka yi, mutane su yi ta rubuto wa ɗakin da babu komai?"

"Miƙo min biro."

A ƙasan karkataccen layin nan nata ya rubuta, da manyan baƙaƙe, yana dannawa har ya huda takardar a wuri ɗaya:

"Ni ne Vern, makobcinta, ni na rubuta mata wannan. Littattafan ba sa nan. Ni na zubar da su, na ɗauka shara ce. Na yi mata ƙarya na ce an ajiye, ta mutu ba ta sani ba. In akwai tsofaffin da suke tuna sunayen, ku zaunar da su ku rubuta tun suna da rai. In za ku zage ni, ga adireshina."

Jolene ta karanta ta kan kafaɗarsa.

"Ka yi kuskure a 'maƙwabcinta'."

"Za su gane."

Ya lashi bakin ambulan ya manne. Ya fita da silifas, bai ko ɗauki hula ba, ya taka har akwatin wasiƙun da ke bakin titi. Ya saka ta ciki, ya rufe, ya ɗaga jar tutar ƙarfen da ke gefe don mai kai wasiƙa ya tsaya. A tsallaken titi an sauke labulen falon Odette. Dusa ta fara sauka ƙanana-ƙanana, tana taruwa a kan jar tutar.