Ƙarar da Ke Ɗora Shayi

Duk Bulawayo babu mai taurin kai kamar Baba Mlotshwa, kuma ni da nake faɗa na san taurin kai, don kullum da ƙusoshi masu tsatsa nake kokawa. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Yana da wata jar motar tsere 'yar Ingila, mai kujera biyu, marar rufi, wadda ya saya a hannun wani Bature tun ba a haife ni ba. Mahaifina ya yi ta fama da ita har ya bar duniya, ni kuma na gaji garejin, na gaji motar da mai ita.

Ciwonta biyu ne. Na farko a ƙugu yake. Irin tsofaffin nan ce da in bayansu ya yi sakayau aka shiga kwana da gudu, sai tayar baya ta lanƙwashe ciki, mota ta kaɗa gindi kamar agwagwa. Maganin da Baba ya samo shi ne buhun yashi. Ya zaunar da shi a kujerar mai zaman banza, har da ɗaura masa bel, don matarsa MaHadebe ta rantse ba za ta taɓa shiga ba. 'Yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci sai sun gai da buhun kafin su gai da Baba.

Na biyu kuwa a farfela yake, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Gaɓarta ta cinye tuni. Da ya saki totur ya sake takawa, sai ka ji ƙwal, har daga bayan layi. In na yi magana ya ce, "Sithabile, 'yata, ba ƙara ba ce wannan, gyaran murya take yi."

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma ya ishe mu da shi. Wai duk lokacin da ya koma gida, ko da rana ko da yamma, shayi yake tararwa a tebur yana tururi. "Ba waya, ba aike," in ji shi. "Zuciyarta ce ke gaya mata ina tafe. Ku yaran zamani me kuka sani?"

Wata Lahadi a hanyar Matopos motar ta kama karkarwa har hularsa ta tashi. Da ya kawo ta gareji na ɗora ta a kan ramin duba mota, na jawo shi ƙasa, na girgiza masa sandar da hannu ɗaya tana lilo.

"Baba, ran da wannan ta tsinke, kwalta za ta caka ta yi sama da ku, kai da buhunka. Ko in gyara yau, ko ka nemi wani garejin."

Ya yi ƙunƙuni ya yarda. Na sa sabuwar gaɓa, na ɗura giris, mota ta fita shiru kamar kyanwa. Ni dai na ce na rabu da ƙaya.

Ba a rufa mako ba sai ga shi da sassafe, ko gemu bai aske ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Mayar mini da tsohon ƙarfena."

"Sai dai ka kashe ni."

"Tun da kika taɓa motar nan gidana ya lalace. Ina shiga sai in tarar da tebur wayam, ita kuma tana zaune bakin taga ta zuba wa titi ido. Ta daina jin zuwana, 'yata. Bayan duk shekarun nan."

Da farko dariya ta taso mini, amma da na ga idonsa sai tausayi ya kama ni. Tsohon nan da gaske yake, gani yake matarsa ta fita daga sonsa.

Muna cikin haka sai ga MaHadebe ta shigo da kwandonta, ta biyo shi da karin kumallon da ya bari. Na ba ta kujera na faɗa mata abin da ya kawo shi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban yara, kai fa tsufa bai ƙara maka komai ba sai tumbi. Wace zuciya? Kwanar cocin nan ta bakin layinmu, in ka rage gudu ka sake takawa, sai motar ta ce ƙwal. Da na ji sai in ɗora buta."

Kafaɗun Baba suka sauka. "Ashe ƙarfe kike saurare, ba ni ba."

"To wa ke cikin ƙarfen?" Ta ajiye kwandon da ƙarfi. "Tun ran da ka sayo akwalar nan, in ka fita ba na kunna rediyo. Ba na shiga maƙwabta. Kunnena yana titi har sai na ji ƙarar nan, sannan in san yau ma ba ta kashe mini kai ba. Yanzu an ɗauke ƙarar. Ina zan ga shayi, alhali raina yana hannuna?"

Ni kuwa na duƙa ina neman sifanar da ke cikin aljihuna.

Da na ɗago na ce, "Mama, tsohuwar gaɓar ita ce mai kisan, kuma ba zan mayar ba. Ƙugun nan ma ba mugu ba ne in an ba shi nauyi. Don mutum biyu aka ƙera motar."

Ta daɗe tana kallon buhun nan da ke zaune da bel ɗinsa. Sannan ta ɗaure ɗankwalinta tamau a ƙarƙashin haɓa.

"Sauke wannan ƙaton. Na gaji da sauraro. In za ta kaɗa gindi, ta kaɗa da mu biyu."

Baba ya kwance bel ɗin. Shi da kansa ya rungumo buhun ya jingine mini a ƙofa, inda yake har yau yana tare mini ƙyaure. Ya buɗe mata mota, ta zauna, sifirin ƙugun motar ya sauka daidai, tayoyin baya suka miƙe suka kama ƙasa.

"A hankali fa," ta ce, "akwai shayi a kwandon, kar ka zubar."

Na tsaya a bakin gareji na kasa kunne, ko aikina ya bar wata ƙara. Har suka sha kwana ban ji komai ba sai dariyarta.