Taya a Ɗakin Malamai

Wata uku ina bin hedimasta ya ba ni ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, in mai da shi wurin motsa jiki. Ni ne sabon malamin wasanni, kuma abin da na tarar a ɗakin malamai ya ishe ni. Manyan mutane a zaune tun safe har a tashi, kowa da tumbi kamar ya ɓoye ƙwallo a riga, kowa na kukan ciwon baya, amma ba mai niyyar motsawa.

Ranar Litinin na shigo da 'yar taya mai mariƙi a kowane gefe. Mutum zai durƙusa ya riƙe mariƙan, ya tura ta gaba har jikinsa ya miƙe, sannan ya jawo ta baya. Na zana musu a allo. Doguwar tsokar gaban ciki ita ke shan yawancin wahalar. Tsokokin gefen ciki suna hana mutum karkacewa, akwai kuma wata can ciki da ke ɗaure ƙugu kamar ɗamara don kada baya ya lanƙwashe. Kafaɗu da damatsa rakiya kawai suke yi.

Hedimasta ya ce abin da hannu ya riƙe, hannu yake wa aiki. Malamin lissafi, wanda bai taɓa musa masa ba, ya gyaɗa kai. Na yi ta bayani har muryata ta tashi. Daga ƙarshe hedimasta ya yanke hukunci: kowa ya tura sau biyar. Idan gobe ciki ne ya yi tsami, makullin ɗakin kujerun nawa ne. Idan hannu ne, in kwashe abin wasana, kada ya sake jin zancen.

Suka yi, da nishi da tsaki.

Washegari kowa ya shigo yana matsa kafaɗa. Hedimasta ya ce shi cikinsa lafiya lau. Na lura alli ya faɗo wa malamin lissafi, ya dube shi a ƙasa, ya ƙi sunkuyawa. Na san sun haɗa baki, amma ba ni da shaida.

Raina ya ɓaci. Na ce ai ba su yi daidai ba ne, bari in nuna musu yadda masu ilimi ke yi. Na ƙi durƙusawa, na fara daga tsaye don in burge. Ashe an goge simintin da safe. Taya ta kufce, na kife a kan hanci, wandona ya yage ɓarat. Ita kuwa ta gangara ta ƙofa ta bi baranda abinta.

Ɗaki ya ɗauki dariya, sai kuma dariyar ta koma nishi. Malamin lissafi ya dafe cibiya da hannu biyu. Hedimasta ya riƙe haƙarƙari, hawaye na zuba.

"Yaro, don Allah tashi," in ji shi. "Cikina zai tsage."

"Ranka ya daɗe, ba kafaɗa ba?" na tambaya daga ƙasa.

Ya zaro makulli daga aljihu ya cillo mini, yana roƙon kowa ya daina ba shi dariya. Na ɗaura rigar sanyi a ƙugu na rufe yagar, na fita neman tayata.