Kwalbar da Ta Sha Rana

Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗiban samfur a siton kwastam na tashar jiragen ruwa, har sunansa ya ɓace, kowa Hanci yake ce masa. In aka buɗe duro, kafin a karanta takarda ya faɗi abin da ke ciki. Amma ranar nan hankalinsa ba ya sito, yana can hawa na biyu, a ɗakin awo, inda 'yarsa ke cika wata uku na gwajin aiki.

Da safe suna tafe ta yi masa bayani.

"Baba, yau ce ta ƙarshe. Kwalba biyu za ka ɗebo daga duro ɗaya, tawa da ta shugaba. In awonmu ya zo ɗaya, na zauna a aikin. In ya saɓa, sai gida."

"Zai zo ɗaya, Uwata," ya ce.

Kayan da suka iso ruwan sirka fenti ne, irin wanda ake tacewa daga ɗanyen mai, garau kamar ruwan sha. A babban littafin kwastam layi biyu gare shi, maƙwabtan juna. Sai a sanyaya shi, a riƙa ɗumama shi kaɗan-kaɗan ana nuna masa ɗan harshen wuta. In tururinsa bai kama ba sai ya haura digiri ashirin da ɗaya, layin sama ne. In ya kama kafin nan, layin ƙasa. Kowane layi da harajinsa, da kuma irin wurin da za a ajiye kayan.

Dogo, mai riƙon makullin sito, ya kwance masa marfin duro yana tsokana.

"Uban likitar mai, yau ba ka da sukuni. Kai ake gwadawa?"

"Gara a ce ni ne."

Ya cika ta shugaba, ya toshe, ya liƙa hatimi. Ya cika ta biyu. Dokar aiki ita ce a toshe nan take, amma shi tun yana saurayi ba ya rufe kwalba sai ya kai ta hanci. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya shinshina.

Ƙamshin yana da kaifi, kamar allura mai sanyi. A bayan kaifin kuwa sai ga wani ɗaki. Ɗakin da ya shafa wa fenti da hannunsa satin da aka haife ta, da irin wannan ruwa ya sirka. Bango ɗanye yana sheƙi, taga a buɗe, marigayiya matarsa a kan gado tana toshe hanci tana cewa, "Kai dai ba za ka bar jaririya ta shaƙi iskar Allah ba." Labule ya kumbura kamar filafilan jirgi, ɗakin ya tashi a hankali ya bi ruwa. Duroruka na iyo a gefensa. Babban littafin ya buɗe ya zama gari, kowane layi titi, kowace lamba ƙofar gida. Can ya hango 'yarsa cikin farar riga, riƙe da hannun wani baƙo marar launi, tana ƙwanƙwasa ƙofofi tana tambaya, "Nan ne gidansu?" Ya so ya nuna mata ƙofar, hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

"Hanci! Kwana ko addu'a?"

Ya farka. Hasken ranar da ya bari a kan yatsun ƙafarsa ya hau har gwiwa. Kwalbar na kan benci, baki buɗe, ta yi ɗumi. Ya toshe ta da sauri, ya liƙa hatimi, ya hau sama ya miƙa duka biyun ta taga. Ya juya.

A kan matakala, wajen saukowa, ƙafarsa ta tsaya. Lokacin da yake toshewa ƙamshin ya sake bugun hancinsa, kuma allurar nan babu ita. Ya san abin da ke nan. Mai sauƙin ciki shi ke fara tashi, shi ne kuma ke fara kama wuta. Abin da ya rage a kwalbar 'yarsa zai yi nawa, ya haura awonsa na gaskiya. Ta shugaba kuwa tana nan yadda ta fito daga duro.

Ya kuma san hukuncin wanda ya bar samfur a buɗe: an raba shi da duro ke nan. Ya sauka taki biyu. Ya tsaya. Ya juyo.

Ta gilashi ya gan ta a sunkuye, ɗan harshen wuta na leƙa ƙoƙon awo yana komawa. Wani shuɗin haske ya gilma. Ta rubuta, ta jawo takardar rabe kaya, ta cire marfin biro. Ya tura ƙofar da bai taɓa shiga ba.

"Uwata, kar ki sa hannu."

Shugaba ta ɗago kai daga teburinta. "Hanci, wa ya ba ka izinin shigowa nan?"

"Ranki ya daɗe, kwalbarta ta sha rana a buɗe. Ni na bar ta."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Ban sani ba. Rana dai ta tashi daga yatsa zuwa gwiwa."

Ba wanda ya yi dariya. Ya saci kallon takardar, ya ga digiri ashirin da uku, layin sama. 'Yarsa ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Ta rufe biro.

"Ranki ya daɗe, ban karɓi wannan samfurin ba. Ina neman a sake ɗebowa a gabana." Ta ture kwalbar gefe. "Kuma ba shi zai ɗebo ba."

Shugaba ta miƙe ta ce da ita, "Ɗauko kwalba."

Shi dai a bencin ya zauna, yana kallo wani abokin aikinsa na zura bututu a duron. Aka toshe kwalbar tun kafin ɗigon ƙarshe ya bar bakin bututun. Suka hau. Jirgi ya yi kuka can nesa, inuwa ta zagayo ta rufe shi.

Da la'asar Dogo ya sauko da labari biyu. Awonta sha tara, na shugaba sha tara, kaya sun tafi layin ƙasa, yarinya ta zauna. Shi kuma daga gobe an mai da shi ƙofar shiga, duba takardun motoci.

"Hanci a bakin ƙofa," in ji Dogo. "Sai ka riƙa shinshina direbobi."

Da yamma suka kama hanyar gida. Sai ta karɓi jakarsa ta rataya.

"Baba, me ka gani a cikin kwalbar nan?"

"Ɗakin da aka haife ki. Shuɗin nan da na shafa."

"Shuɗi? Inna ta ce kore ne, kuma rabin bango ka yi fentin ya ƙare."

Ya yi ɗan tunani, yana tafiya a hankali.

"To, a kwalbar dai na gama shi," ya ce.