Kunnen Tabita

Tabita ta cika da hantsi, a hannun uwarta, a bayan babur, saura kaɗan su hango rufin asibitin Bagudo. Gidaɗo mai kabu-kabu ne ya fara ganewa, don ya ji nishin da ke bayansa ya ɗauke. Ya rage gudu, ya waiwayo sau ɗaya, ya juya kan babur ba tare da an ce masa ya juya ba.

Ita ce ta uku da uwarta Lai'atu ta rasa. Kwana uku yarinya tana zazzaɓi ana turara mata hayaƙi, ana ɗura mata jiƙo, saboda Dela, uwar mijin Lai'atu, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Sai a rana ta huɗu, da jijjiga ta kama ta, aka yarda a kira babur.

Unguwarsu gida tara ce ta Kirista a gefen ƙauyen Kurgu, da ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Kafin rana ta take, an wanke gawa, an naɗe ta da farin ƙyalle, maza suna haƙa a bayan majami'a. Fasto ya yi tafiya, sai Dattijo Barnabas ne zai yi jana'iza. Lai'atu na zaune a ɗaki, gawa a cinyarta, ga cikin wata biyar a jikinta, Dela ta shigo ta saki labule. A hannunta akwai sabuwar reza, ko takardarta ba a ɓare ba.

"Buɗe min kanta," in ji Dela.

"Mi za ki yi mata, Inna?"

"Ke ma kin sani. Tun rasuwar ta biyu na je tsallaken iyaka, tsohuwar nan ta Binin ta faɗa min. Wabi ne. Yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, yana wasa da mu. A yanke masa gefen kunne kafin a rufe shi. In ya ga an gane shi, ko ya daina zuwa, ko ya zo ya zauna. Wancan karon na yi shiru don kunyar Fasto. Kin ga abin da shiruna ya jawo."

Dela ce shugabar zumuntar mata. Ita ke ɗaga waƙa ranar Lahadi, ita ke buga tulu har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Haka unguwar take: ranar Lahadi a yi ta shelar cewa Yesu ya ci nasara a kan mutuwa, ranar Litinin a ɗaura wa jariri laya a ƙugu a rufe da riga. Kowa ya sani, ba mai magana.

Lai'atu ta kira mijinta. Irimiya ya zo bakin ƙofa, ƙasar kabari a gwiwoyinsa, Dattijo Barnabas na biye da shi.

"Baban Tabita, ka ji abin da Inna ke cewa?"

Irimiya ya kafa wa ƙasa ido. Dattijo ne ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri. Abu ne na iyaye. Ba ta jin zafi yanzu. Allah zuciya yake dubawa, ba kunne ba. A yi a gama, rana na yi."

"Ba don ni ba ne," in ji Dela, muryarta ta yi laushi. "Don wanda ke cikinki ne. Ko shi ma kina son ki wanke shi ki naɗe?"

Nan maganar ta sami Lai'atu. Mene ne ɗan gefen kunne a kan rai guda? Ko Fasto ba zai sani ba. Idan kuma gaskiya ne fa? Ta sa hannu da kanta ta warware ƙyallen. Dela ta fara ɓare takardar reza.

Kunnen ya fito, ƙarami, da jan zaren da Lai'atu ta zura bayan an huda shi, tana jiran bikin Kirsimeti ta sayo 'yan kunne. Ta tsaya tana kallon zaren. Na fari, Kefas, baƙi ne mai yawan dariya. Rahila ba ta son a goya ta. Tabita kuwa sai ta kama kunnen nan da yatsu biyu take barci. Uku ne, ba ɗaya ba. Ita ta haife su, ita ta san su.

Ta tuna abin da aka koya musu kafin a yi musu baftisma a rafi: Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho. Yana jira sai ka gaji, sai ya roƙi ƙaramin abu, tsoro kuma shi ne ƙofar da yake shigowa. Ba a ciniki da shi. Tsayawa ake yi, ko da gwiwa na rawa.

Ta rufe kunnen da tafin hannunta.

"A'a, Inna."

"Mi kika ce?"

"Tabita ba ta yawo a ko'ina. Tana hannun Yesu, ita da 'yan'uwanta. Ba za ta dawo ba, ni ce zan je in same ta. Yadda Allah ya ba ni ita, haka zan mayar masa."

"Ji mai wa'azi! Ba ki jin tsoro ke nan?"

"Ina ji. Amma tsoron nan ne ya zaunar da mu kwana uku muna hayaƙi, asibiti na nan Bagudo. Ya ci guda. Ba zan ƙara yi masa biyayya ba, ko a kan gawa." Ta ɗago ta dubi Dattijo. "Baba, da wane baki za ka karanta mana tashin matattu in an gama wannan?"

Dela ta jefar da rezar a ƙasa.

"To, kowa ya shaida. Wanda ke cikinta in ya tafi, ita ta kashe shi."

Ba wanda ya ce mata ta janye maganar. Irimiya ma bai ce ba.

Lai'atu ba ta miƙa gawar ga kowa ba. Ita ta ɗauke ta har bakin kabari, ta ba Irimiya a cikin rami, ta tsaya har aka zuba ƙasa ta ƙarshe. Matan zumunta suka yi cirko-cirko suna jiran Dela ta ɗaga waƙa. Dela ta naɗe hannu. Sai Lai'atu ta ɗaga da kanta, muryarta a dishe. Baiti guda ta yi ita kaɗai, kafin wata tsohuwa daga baya ta kama mata.

A hanyar komawa cikin ya motsa. Tsoron ya taso mata sabo fil, kamar ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ta dafa bangon majami'a, ta ce a hankali, "Ubangiji Yesu, ka riƙe ni," ta jira har numfashinta ya dawo.

Gidaɗo na nan a gindin ɗorawa, bai tafi ba, ya tsaya yin gaisuwa. Ta ƙarasa wurinsa.

"Ran Talata ake awon ciki a Bagudo?"

"Talata ne."

"Ka zo da sassafe."

Da ta shiga gida, ta tarar Dela ta fitar mata da tukunyarta daga madafa ta ajiye mata a ƙofar ɗaki, alamar an raba girki. Lai'atu ta jera duwatsu uku a nan, ta hura wuta.